Kuɗin Mota: Bashi Ne Ko Laifi? Abin da Doka Ta Ce a Hanyar Jibiya

 Da kaka ta yi, aikin manomi yakan tashi daga gona ya koma kan hanya. Wannan zai kai wake kasuwa, wancan zai tafi neman taki, wata kuma za ta kai man gyaɗa da ƙuliƙuli. Kaɗan ne a cikinmu suke da motar kansu. Saboda haka duk abin da muka noma, sai ya hau motar wani ko babur ɗin wani kafin ya zama kuɗi.

Wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Jibiya, ya wuce Magama ya shiga Nijar ta Ɗan Isa har Maraɗi, lalle ya taɓa ganin wannan abu. Mota ta tsaya, direba ya shaƙe wuyan rigar fasinja, jama'a sun kewaye su. Direba yana cewa, "Ba inda za ka sai ka biya ni." Fasinja kuwa yana cewa, "Ai ba haka muka yi da kai ba, malam." A kan kuɗin da bai kai na tiya biyu ta gero ba, sai ka ga an ji wa mutum rauni, ko ya kwana a ofishin 'yan sanda, ko buhunsa ya salwanta.

To, me doka ta ce? Amsar a taƙaice ita ce: kuɗin mota bashi ne, kuma tilas a biya shi. Ba ya zama laifin da ake ɗaure mutum a kansa sai in da niyyar cuta tun daga farko. Direba kuma ba shi da iko ya zama alƙalin kansa. Bari mu bi maganar daki daki.

SHIGA MOTA CINIKI NE

Sa'ad da ka tsai da tasi, ko a-daidaita-sahu, ko ɗan acaɓa, ka faɗi inda za ka, shi kuma ya faɗi kuɗi ka yarda, to, kun ƙulla yarjejeniya ke nan. Doka ba ta bukatar takarda a irin wannan. Maganar baki ta isa. Ko ba ka ce uffan ba, in ka shiga motar haya ka zauna, shigarka ta nuna ka yarda za ka biya kuɗin da aka saba biya a wannan hanya.

Yarjejeniyar tana da gefe biyu. Direba ya ɗauki alkawari zai kai ka, kai da kayanka, wurin da kuka ambata. Kai kuma ka ɗauki alkawari za ka biya kuɗin da kuka ambata. Duk wanda ya saɓa nasa gefen, ɗayan yana da hakki a kansa.

A tasha, yawanci akan karɓi kuɗi kafin mota ta tashi, don haka rigima ba ta cika yawa a can ba. Inda take tashi shi ne wurin da ake biya bayan an sauka: fasinjan da aka ɗauka a bakin hanya, da wanda ya hau acaɓa, da wanda ya yi shatar mota don kwasar buhuna daga ƙauye ranar kasuwa. Mu manoma kuwa irin wannan tafiya muka fi yi.

BASHI DABAM, CUTA DABAM

Shari'a kashi biyu ce. Akwai shari'ar hakki tsakanin mutum da mutum, kamar bashi da gado da iyakar gona. A nan kotu takan ce wa wanda ake bi ya biya. Akwai kuma shari'ar laifi, kamar sata da duka da zamba. A nan hukuma ce take gurfanar da mutum, kuma ana iya ɗaure shi ko a ci shi tara.

Kundin dokokin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda mutane suka sani da suna Final Kod, an yi shi a 1959, ya fara aiki a 1960. An tsara shi bisa ga na ƙasar Sudan, shi kuma na Sudan ya samo tushe daga na Indiya na 1860. Sashe na 320 na wannan kundi shi ne ya bayyana laifin cuta. Ma'anarsa ita ce, mutum ya ruɗi wani da gangan, har ya sa shi ya ba da dukiyarsa, ko ya yi wani aiki wanda da ba a ruɗe shi ba da bai yi ba, kuma aikin ya jawo masa hasara. Sashe na 322 ya sa hukuncin ɗauri har zuwa shekara 3, ko tara, ko duka biyu. Sashe na 78 kuma ya ba alƙali iko ya sa mai laifi ya biya wanda ya cuta diyya. Jihar Katsina ta sabunta nata kundin a 2021, saboda haka lambar sashe da yawan hukunci suna iya bambanta da na tsohon kundi. Amma ma'anar cuta tana nan yadda take.

Ku lura da kalmar ruɗi. Ita ce ta raba bashi da laifi. Wanda ya shiga mota da niyyar biya, daga baya ya kasa, mai bashi ne. Wanda ya shiga ya san ba zai biya ba, ya bar direba ya ƙona mansa a banza, wannan macuci ne, gama shigarsa motar ita kanta ƙarya ce.

YAYA ALƘALI ZAI GANE NIYYA?

Niyya a zuciya take, amma aiki yakan tona ta. Ga misali uku.

Na fari. Wani manomi ya hau mota daga Katsina. Da aka iso Jibiya ya sa hannu a aljihu, ya tarar an yanke shi. Bai gudu ba. Ya gaya wa direba, ya faɗi sunansa da ƙauyensa, ya ce a je wurin wani ɗan'uwansa a kasuwa ya ranto. Wannan ba mai laifi ba ne. Amma bashin yana wuyansa har ya biya.

Na biyu. Wani saurayi ya hau acaɓa, da aka iso ya ce, "Jira ni in karɓo canji." Ya shiga wannan ƙofa ya fita ta waccan. Ko kuwa mota ta rage gudu a wajen shinge, ya buɗe ƙofa ya arce. Gudun nan da ƙaryar nan su ne shaidar niyyarsa. Ana iya kai shi gaban alƙali da laifin cuta.

Na uku. Wata mata ta ce an yi ciniki a kan naira 1,500 har da buhunta, direba ya ce buhun kuɗinsa dabam. Ta miƙa abin da ta yarda da shi, ya ƙi karɓa. Wannan gardamar ciniki ce, ba laifi ba. Abin da ake bukata a nan shi ne shaidu da sulhu.

Akwai wani sabon salo da ya yawaita tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mutane suka koma biya ta waya. Fasinja ya nuna wa direba saƙon banki na ƙarya, ya ce ya tura kuɗi, alhali bai tura kome ba. Wannan damfara ce a fili. Dokar tarayya ta 2006 a kan damfara ta sa ɗauri daga shekara 7 zuwa 20, ba zaɓin tara, ga wanda ya sami dukiya ko amfani ta hanyar ƙarya. Iyaye, ku ja wa samarinku kunne. Abin da suke ɗauka wayo ne yana iya cinye ƙuruciyarsu a kurkuku.

ABIN DA DIREBA BA SHI DA IKON YI

Ko da gaskiyar direba ce, doka ta sa masa iyaka.

1. Ba shi da iko ya doki fasinja, ko ya shaƙe shi, ko ya yaga masa riga. Duka laifi ne mai zaman kansa, kuma bashi ba ya halatta shi.

2. Ba shi da iko ya kulle fasinja a mota ko a ɗaki har sai an kawo kuɗi. Tare mutum da tsare shi ba bisa doka ba laifuffuka ne a Final Kod, daga sashe na 254 zuwa 257. Tsarin Mulki na 1999 kuma, a sashe na 35, ya kāre 'yancin kowane mutum daga tsarewa ba bisa doka ba.

3. Ba shi da iko ya ƙwace waya ko agogo ko takalmi daga jikin fasinja da ƙarfi. In fasinja da kansa ya ba da wani abu jingina, a gaban shaidu, wannan dabam ne, kuma tilas a mayar masa da abinsa lafiya ranar da ya biya.

4. Ba shi da iko ya sayar da kayan fasinja ya ɗebi kuɗinsa.

5. Kada ya kuskura ya yi kururuwar "Ɓarawo!" a kan mai bashi. Duk mun san abin da wannan kalma take jawowa a tsakiyar kasuwa. In taron mutane suka kashe mutum ko suka naƙasa shi, wanda ya tunzura su ma zai amsa tambaya a gaban shari'a.

To, me yake da ikon yi? Yana da iko ya nemi suna da mazaunin fasinja, ya kira shaidu, ya kai ƙara wurin shugabannin tasha. Dokar ciniki da muka gada daga Ingila ta yarda mai ɗaukar kaya ya riƙe kayan da ya ɗauko har a biya shi kuɗin ɗaukarsu. Amma riƙewa kawai, ba sayarwa ba, kuma in kayan suka lalace da sakacinsa, shi zai biya. Manomin da ya ɗauko tumatir ko albasa daga lambun madatsar ruwan Jibiya ya san abin da kwana biyu a rana za su yi wa kayansa. Saboda haka irin wannan rigima ba ta son jinkiri.

In kuwa cuta ce a fili, watau mutum ya yi ƙarya ya gudu, doka ta yarda ko wanda ba ɗan sanda ba ya kama mai laifin da ya aikata laifi a gabansa. Sharaɗin shi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba, kuma ba duka.

'YAN SANDA BA MASU KARƁAR BASHI BA NE

Wannan magana tana da muhimmanci ƙwarai, ku riƙe ta. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana binsa bashi. Dokar tarayya ta 2015 a kan tafiyar da shari'ar laifi, a sashe na 8, ita ma haka ta ce. Dokokin nan biyu sun kuma hana kama wani a madadin wani. Ba a kama mace don mijinta ya gudu da kuɗin mota, ba a kama uba don ɗansa.

Amma kada wani ya ɗauki wannan ya mai da shi garkuwa. In direba ya kai ƙarar cuta, 'yan sanda suna da iko su bincika. In an kai ka ofishinsu, ka natsu, ka faɗi gaskiya, ka ambaci shaidunka. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka tsare gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a cikin kilomita 40, in babu kuwa, kwana biyu. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne bisa ga doka. Akwai kuma Hukumar Taimakon Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfin ɗaukar lauya.

A Jihar Katsina akwai kotunan majistare, akwai kuma kotunan shari'ar Musulunci. Wanda ba Musulmi ba, ba a yi masa shari'a a kotun Musulunci sai in shi da kansa ya yarda. In an kira ka, ka tambayi wace kotu ce, ka kuma je ranar da aka sa. Ƙin amsa sammaci yakan mai da ƙaramar magana babba.

Gaskiya dai, kuɗin zuwa kotu sau ɗaya yakan fi kuɗin motar da ake faɗa a kai. Shi ya sa yawancin irin wannan rigima a tasha take ƙarewa, a hannun shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, ko wurin mai unguwa, ko sarkin kasuwa. Sulhu ba ragwanci ba ne. Sai dai a sani, shugaban tasha mai sasantawa ne, ba alƙali ba. Ba shi da ikon ɗaure kowa.

IN MOTA BA TA KAI BA FA?

Ba kullum ne fasinja yake da laifi ba. Mota takan lalace a hanya. Wani direba yakan sauke mutane a Magama alhali an yi da shi zai kai su Maraɗi. Wani kuma sai an yi nisa ya ce a ƙara kuɗi, wai shingaye sun yi yawa.

Ƙa'idar ita ce, cikakken kuɗi na cikakkiyar tafiya ne. Wannan tsohuwar magana ce. Littafin Risala, wanda malaman fiƙihun Malikiyya suka daɗe suna karantarwa a ƙasar Hausa, ya nuna mai jirgin ruwa ba ya cin kuɗin hayarsa sai ya kai inda aka nufa. A Ingila ma, dokarsu ta 1978 ta mai da gudu ba biya laifi, mai ɗauri har shekara 2. Duk da haka, a wata shari'a ta 1987 da aka sani da sunan Troughton, wani fasinja da ya sha giya ya yi gardama da direban tasi a Landan, direba ya juya ya kai shi ofishin 'yan sanda maimakon gida. Kotun farko ta same shi da laifi, amma kotun sama ta soke hukuncin, gama direba bai kai shi inda suka yi alkawari ba, don haka biya bai wajaba ba tukuna. Wannan ba dokar ƙasarmu ba ce, amma hankalin da ke cikinta ɗaya ne da namu.

Al'adar tasha ita ce, in mota ta lalace, direba ya yi juye, watau ya sa fasinjoji a wata mota ya biya musu, ko ya mayar musu da kuɗin ragowar tafiya. Fasinja kuma kada ya ce ba zai biya ko kwabo ba bayan an ci rabin hanya da shi. A biya daidai inda aka kai. Ƙarin kuɗi a tsakiyar hanya kuwa, ba tilas ba ne a kanka in ba ku yi da shi ba tun farko. Haka kuma in an mai da kai daga iyaka don ba ka da takardun tafiya, ko don kayan da ka ɗauko, wannan ba laifin direba ba ne. Ya kawo ka, ka biya shi.

DA AN ƘETARE IYAKA

Mutanen Jibiya da na Ɗan Isa da Madarumfa da Maraɗi harshensu ɗaya, danginsu ɗaya. Wannan yakan sa mu manta cewa abu biyu suna canjawa da an wuce Magama: kuɗi da doka.

Mu fara da kuɗi. A wajenmu, in ɗan kasuwa ya ce jaka ɗaya, naira 200 yake nufi. A Maraɗi kuwa jaka ɗaya sefa 1,000 ce. A 2024 sefa 1,000 ta haura naira 2,000 a wurin 'yan canji. Watau jakar Maraɗi ta ninka jakar Katsina fiye da sau goma. Har wa yau, a Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In ɗan kabu-kabu ya ce maka "ɗari", yana iya nufin dala ɗari, watau sefa 500. Kun ga mutum biyu masu gaskiya suna iya yin ciniki da Hausa ɗaya, kowa da abin da ya ji, su sauka su kama faɗa. Maganin wannan shi ne a tambaya a fili: "Naira ko sefa? Nawa ne a takarda?"

Sa'an nan doka. Dokar Najeriya a iyaka take tsayawa. Abin da ya faru a ƙasar Nijar, 'yan sanda ko jandarmomin Nijar ne za su duba shi, da dokar ƙasarsu. Kundin laifuffuka da Nijar ta yi a 1961 an gina shi bisa tsarin Faransa. A dokar Faransa kuwa akwai laifi na musamman mai suna filuteri. Ya shafi wanda ya ci abinci a gidan abinci, ko ya kwana a otal, ko ya sha mai, ko ya hau tasi, alhali ya san ba shi da abin biya ko ya ƙudura ba zai biya ba. Hukuncinsa a Faransa ɗaurin wata 6 da tarar yuro 7,500. Ƙasashe da dama da Faransa ta mulka sun gaji wannan laifi a dokokinsu. Don haka kada baƙo ya hau abin hawa a can aljihu wayam, yana cewa in an isa ya roƙi arziki. Ya faɗi halin da yake ciki kafin ya hau.

Akwai kuma maganar ɓarauniyar hanya. An rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, aka buɗe a Maris 2024. A waɗannan shekaru mutane da yawa sun saba bin daji da babura. Ku sani, kotu ba ta tilasta yarjejeniyar da aka ƙulla a kan abin da doka ta hana. In kun yi ciniki a kan ɗaukar kayan fasa-ƙwauri, aka yi rigima, ba mai kuɗi ba mai kaya da zai iya kai ƙara ba tare da ya tona kansa ba. Daɗin daɗawa, kwastan suna da iko su kama kayan har da abin hawan.

MU TUNA DA DIREBA

Kada sanin doka ya sa mu raina hakkin direba. Yawancinsu motar ba tasu ba ce. Kowace yamma sai sun kai wa mai mota balas, ko an samu ko ba a samu ba. Ga kuɗin tasha, ga na 'yan kamasho, ga gyara. A Nuwamba 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, direbobin Jibiya suka sha wuya ƙwarai. A 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, a ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Kujera ɗaya da ba a biya ba tana iya zama ita ce cefanen gidansa na ranar.

Manomi ya san zafin wanda ya ɗauki hatsi bashi ya ƙi biya. Guminka da na direba ɗaya ne. Kuma ƙauyen da aka san mutanensa da gardamar kuɗin mota, ranar da mai naƙuda ko maras lafiya yake bukatar mota da dare, da wuya a sami wanda zai zo.

SHAWARA GA ƘUNGIYOYINMU

1. Kafin ka hau, ku daidaita abu huɗu: inda za a sauke ka, kuɗin kujera, kuɗin kaya, da irin kuɗin, naira ko sefa. Ku yi maganar da ƙarfi yadda na kusa zai ji. Shi ne shaidarka.

2. Ka ware kuɗin mota na zuwa da na komowa a aljihu dabam, kada ka taɓa shi a kasuwa.

3. In sai ka sayar da kaya za ka biya, ka faɗa tun kafin a yi lodi. In direba ya yarda, kun ƙulla sabuwar yarjejeniya, ba wanda zai ce ka ruɗe shi.

4. In kuɗinka ya kasa, kada ka gudu. Gudu shi yake mai da mai bashi mai laifi a idon jama'a da na alƙali.

5. In ƙungiya za ta yi shatar mota, magatakarda ya rubuta lambar mota, yawan buhuna, inda za a kai, kuɗin da aka yi, abin da aka bayar kafin alƙalami, da wanda zai biya kuɗin lodi da saukewa. Wakilin ƙungiya da direba su sa hannu, kowa ya riƙe takarda ɗaya.

6. In ta waya za ka biya, ka jira direba ya ga kuɗin a asusunsa. Ku kuma masu keke da babur a cikinmu, kada ku dogara ga saƙon da ke wayar fasinja. Ku duba naku asusun.

7. Ƙungiya ta ware ɗan kuɗi kaɗan a hannun ma'aji domin ɗan ƙungiyar da tafiya ta ƙare masa. A ranta masa, ya biya a taro mai zuwa.

8. Shugabannin ƙungiya su je su gai da shugabannin tashar da muke hawa, a san juna tun ba a yi rigima ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ranar rigima kuma ba a fara neman sani.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Wani ɗan ƙungiya ya kai wake kasuwar Jibiya bai sayar ba, ba shi da kuɗin komowa. Me ya kamata ya gaya wa direba, kuma yaushe?

2. Motar da muka yi shata ta lalace da rabin hanya, buhunanmu suka kwana a daji. Nawa ya kamata mu biya? Wa zai biya mai gadi?

3. A cikinmu wa ya san lissafin dala da jaka sosai, har zai iya koya wa saura?

A karanta wannan a taro, a bayyana wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman mata da samari masu yawan zuwa kasuwa. Wanda yake da wata matsala ta shari'a da ta riga ta kai gaban hukuma, ya nemi lauya ko Hukumar Taimakon Shari'a, gama kowace magana da irin tata fuska. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu gida lafiya.